Kafin Yaro Ya Hau Jirgi Zuwa Ingila

Iyaye da dattawan ikkilisiya, muna roƙo a duba batun masauki da abinci kafin a ɗaura wa yaro akwati. Sau da yawa kuɗin makaranta kaɗai muke lissafawa.

A Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ƙayyade cewa mai neman bizar karatu ya nuna fam 1,483 na kowane wata in London zai zauna, ko fam 1,136 in wani gari ne, har na wata 9. Dole kuɗin su kwana 28 a asusu. Abin da ke damunmu shi ne masu ranto kuɗin don a gani a takarda, biza na fitowa a mayar wa mai su. To, yaron da me zai biya haya? Aikin da doka ta yarda masa bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. A 2024, da naira ta faɗi, an umarci wasu ɗalibanmu na Jami'ar Teesside su bar ƙasar saboda bashin kuɗin makaranta.

Shawararmu, shekarar farko ya zauna a ɗakin kwanan jami'a. Yakan fi tsada, amma galibi wuta, ruwa da ɗumama ɗaki suna cikin kuɗin, sanyin can kuwa ba na Jos ba ne. Gidan haɗaka da wasu ɗalibai ya fi sauƙi, sai dai masu gida kan nemi wanda zai tsaya masa, mazaunin ƙasar. Kada a tura kuɗin ajiya kan ɗakin da a hoto kawai aka gani.