Bayan Mari Sai Kotu: Abin Da Ya Kamata Alƙalaminmu Ya Sani



Duk mai bin labaran da ke yawo a WhatsApp ya san wannan fage: maigida ya shigo rai a ɓace, ya ɗauke matarsa da mari, ta zube tana kuka, manya su taru su ba ta haƙuri. In marubucin ya so burgewa, sai ya kai mijin kotu a shafi guda, alƙali ya buga guduma, a wuce da shi gidan yari, labari ya ƙare. Babu beli, babu lauya, babu shaida. Mu a namu ganin, wannan sakaci yana da illa. Matar aure da ke Wara ko Shanga ko wani tsibiri a tafkin Kainji, wadda ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba, daga rubutunmu take ɗaukar hoton shari'a. In hoton ƙarya ne, ita ce za ta ɗanɗana kuɗarsa, mijinta ma haka.

Mu fara da dokar kanta. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960 yana da sashe na 55(1)(d), wanda ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Shekara da shekaru wasu na fakewa da shi. A watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Sashe na 19 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya doki abokin aurensa, namiji ne ko mace. Korar mace daga gida da ƙarfin tuwo ma laifi ne mai zaman kansa. Wannan doka ta tarayya a Abuja take aiki, amma Kebbi ta yi tata a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Saboda haka wanda zai gina labarinsa a Yelwa ko Birnin Yauri, ta jiha ya kamata ya nemo ya karanta.

Ga kuma kotun shari'ar Musulunci, inda akasarin matanmu ke fara kai kuka. A mazhabar Malikiyya, in mace ta tabbatar da cutarwa, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta biya khul'i ba. Labarai nawa ne suka taɓa gaya wa mai karatu haka?

To, sai batun kare kai, inda wasunmu ke jin nauyi. Suna ganin bai wa wanda ake tuhuma baki a labari tamkar goyon bayan zalunci ne. Ba mu yarda da wannan ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma yana da 'yancin kare kansa da bakinsa ko ta hannun lauya. Talakan da ba shi da kuɗin lauya yana iya neman hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa. Zai iya musantawa, ya kawo shaidar cewa yana kan ruwa yana su a lokacin, ko ya ce shi aka fara kai wa hari. Amma "ta ɓata min rai" ba ya wanke mutum. Iyakar abin da tunzurawa kan yi shi ne rage nauyin hukunci a wasu laifuka.

Sanin wannan ita macen ya fi yi wa amfani. In ta san lauyan miji zai tambayi takardar likita, za ta gane dalilin shiga kwalekwale zuwa asibiti tun raunin bai warke ba, ta ɗauki hoto, ta adana saƙonnin waya, ta riƙe sunan maƙwabciyar da ta ji ihu. Labarin da ya nuna mata cewa hawaye kaɗai ke cin shari'a ya tura ta fagen fama hannu rabbana.

Akwai darasi a shari'ar Maryam Sanda. A watan Nuwamban 2017 mijinta Bilyaminu Bello, ɗan dangin tsohon shugaban PDP Haliru Bello na nan Kebbi, ya rasu a Abuja bayan rikicin cikin gida. Kariyarta ita ce a kan fasasshiyar tukunyar shisha ya faɗi. Kotu ta saurare ta, ta auna da sauran hujjoji, sannan ranar 27 ga Janairun 2020 Mai shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin kisa. Ku lura da abu uku: an kwashe sama da shekara biyu ana shari'ar, an ba ta damar kare kanta, kuma wadda ake tuhuma mace ce. Cin zarafi a gidan aure ba jinsi ɗaya ke aikata shi ba.

Sai abin da ke biyo bayan hukunci, wanda a nan ne ainihin labarin yake. Ɗauki masunci da aka ɗaure shekara biyu. Wa zai kula da jirginsa da komarsa? Bashin dillalin kifi fa, wa zai biya? Yara sun bar makaranta, uwarsa ta daina gaisawa da surukai, matar da ta kai ƙara kuma ana nuna ta da baki a kasuwar Yauri kamar ita ce mai laifin. In ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa na iya salwanta. In ya nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda don fita waje, tabon na nan. In kuwa abin ya kai ga rai, a Musulunci wanda ya kashe da gangan ba ya gadon wanda ya kashe. Saurayin da ya karanta wannan tiryan-tiryan zai yi tunani kafin ya ɗaga hannu, fiye da yadda nasiha shafi goma za ta sa shi.

Za a ce mana sulhu ya fi, kuma gaskiya ne mai unguwa da dagaci da fadar Sarkin Yauri sun ɗinke gidaje da dama. Sai dai sulhun da ake yi mace na tsoron komawa ɗaki, rufe wuta ne da ƙaiƙayi. Mu rubuta sulhun da ya yi aiki, mu kuma rubuta wanda ya mayar da mace hannun mai dukanta.

Shawararmu ga duk mai rubuta fagen kotu: zaman kotu a buɗe yake ga jama'a. Ka ware safiya ɗaya ka je kotun majistare ko ta shari'a mafi kusa da kai, ka zauna a baya da biro da takarda. Ka ji yadda ake karanta tuhuma, yadda ake neman beli, yadda ake ɗage zama. Ka sauya sunaye, ka kare sirrin mutane, sannan ka rubuta abin da ka gani.

Allah ya ƙara wa alƙalaminmu albarka, ya zaunar da gidajenmu lafiya.