ALƘALUMAN GWAMNATI DA YARAN DA BA A ƘIDAYA BA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, duk sa'ad da aka ta da maganar zaluntar yara a Kano, sai mahukunta su zaro takarda su karanto mana adadin ƙararrakin da suka isa hannun 'yan sanda ko Hisba ko kotu. Mu kuwa muna cewa wannan adadi bai auna zaluncin ba, ya ƙirga waɗanda suka sami mai tsaya masu ne kurum.

Hujjarmu daga hannun gwamnatin ta fito. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya nuna cewa yara 6 cikin 10 a Nijeriya sun gamu da cin zarafi kafin su cika shekara 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. To, saura suna cikin wane kundi? Shi kansa binciken ma gida-gida aka bi. Wa zai yi sallama da yaron da makwancinsa rumfar kasuwa?

Mai shakka ya zaga Fagge da asuba, ya ga almajirai kwance a bakin shagunan Kantin Kwari. Ya shiga Sabon Gari bayan isha'i, ya ga 'yan mata ƙanana da farantin talla a ƙofar mashaya. Ya tuna da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ko takardar haihuwa ba ta da ita. In aka lalata ɗayansu, sai dangi su ce a rufa asiri, a sasanta a zaure, a kashe maganar. Wannan ba sutura ba ce, taimakon azzalumi ne.

A 2020 gwamnatin Kano ta hana bara, da annobar korona ta zo aka loda almajirai a motoci zuwa jihohinsu. Ranar nan an iya lissafi! A 2023 aka sa hannu a dokar kare yara, amma doka ba ta ceton wanda ba a san da shi ba.

Sayyidina Umar (R.A.) ya kafa diwani, ya yanka wa jarirai rabo daga baitulmali tun ranar haihuwa. Shi ya ƙidaya yara ne don ya ciyar da su.

Saboda haka muna kira ga limamai da kwamitocin masallatanmu da su san kowane yaro da ke kwana a unguwarsu, da malaminsa, da garin iyayensa. Uban da ya jefar da ɗansa birni ba guzuri a yi masa nasiha, wanda ya keta haddin yaro kuma a miƙa shi ga hukuma ko ɗan wane ne. Abin da alƙaluman gwamnati suka tsallake, mala'iku sun rubuta.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum.