Tsakanin A da C: Gaya da Masu Raina Ilimin Bakteriya

Akwai wata magana da ake yawan faɗa wa ɗalibin da ya ci jarrabawar bakaloriya ya ce zai karanci ilimin bakteriya a jami'a: wai wannan karatun masu hali ne, ƙasa matalauciya likita da allura take buƙata, leƙen madubi kuwa a bar wa Turawa. Maganar tana da zaƙi a kunne, amma abin da ya faru a yankin Gaya ya isa ya ƙaryata ta.

Gaya gari ne na mahaɗa. Gadar kogin Isa ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Najeriya kuma tana nan kusa ta gabas. Ko da aka rufe gadar a 2023, kwale-kwale bai daina ƙetare ruwa ba. Duk inda mutane suka bi, nan ƙwayar cuta take bi, kuma babu jami'in kwastan da ya taɓa tsayar da ita.

A 2010 aka fara yi wa jama'ar Nijar allurar MenAfriVac, wadda ta karya lagon sanƙarau nau'in A, wato nau'in da ya haddasa annobar 1996 da ta kashe mutum kusan 25,000 a Afirka. Mutane da yawa suka ɗauka an gama da sanƙarau. Sai ga wani sabon iri na nau'in C ya ɓulla a jihar Sakkwato a 2013, ya bazu zuwa Kabi, ya shigo Nijar. A 2015 fiye da mutum 8,000 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Gundumomin Dogon Dutsi da Gaya suna cikin waɗanda abin ya shafa, har aka rufe makarantun Yamai na ɗan lokaci. Ciwon kai ɗaya ne, sanƙarewar wuya ɗaya ce, amma allurar A ba ta kare yaro daga C. Idon likita, komai gwanintarsa, ba ya rarrabe harafin nan. Masu aikin ɗakin gwaji, irin na cibiyar CERMES da ke Yamai, su ne suka faɗi sunan abokin gaba, sannan aka san allurar da za a nema. To, ina hujjar mai cewa a kawo allura kawai?

Abin da ake rainawa shi ne darasin shekarun farko na jami'a. Ɗalibi yana koyon rinin da Hans Christian Gram ya ƙirƙiro a 1884: a shafa ɗigon ruwan laka a kan gilashi, a rina, a wanke, a duba a madubin likita. In aka ga ƙwayoyi bi-biyu masu launin ruwan hoda, alama ce ta ƙwayar sanƙarau mai jawo annoba; in shunayya ne, zato ya koma kan wata ƙwaya dabam wadda ita ma take kumbura rigar ƙwaƙwalwa. Yana kuma koyon cewa ƙwayar sanƙarau ba ta daɗewa da rai a wajen jikin mutum, saboda haka samfurin da aka ɗauka da ganganci zai mutu kafin ya ci kilomita kusan 300 da ke tsakanin Gaya da Yamai. Kwanakin da ake ɓatawa wajen jiran sakamako, a cikinsu annoba take yin jijiya.

Ilimin nan ya shafi kasuwa ma. Ana sayar da kafso a kan tire, a sha biyu a bar sauran, ko a sha don mura, alhali mura bairus ne ke kawo ta, maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Wasu bakteriya kan rabu biyu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya da ta tsira daga rabin magani tana iya haifar da fiye da miliyan ɗaya cikin awa bakwai, dukansu masu taurin kai irin nata. An ƙiyasta cewa a 2019 irin wannan bijirewar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki jin jiki.

Masu suka suna da gaskiya a wuri ɗaya: karatun da aka yi shi da hadda kaɗai, ɗalibi ya cika littafi da sunayen Latin bai taɓa rina samfur da hannunsa ba, ba ya amfanar kowa. Amma maganin wannan shi ne a wadata ɗakunan gwaji da madubai da kayan rini, tun daga Jami'ar Abdou Moumouni har asibitin gunduma. Gani ya kori ji.

Saura babban aiki, wanda ya rataya a wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Amma har yau a bakin jama'a kalma ɗaya, «ƙwayoyin cuta», ita ke ɗauke da bakteriyar kwalara, da bairus na ƙyanda, da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, abubuwa uku da maganinsu ya sha bamban. Muddin harshe bai raba su ba, mai saye ma ba zai raba maganinsu ba. Ya kamata masana harshe su zauna da masana bakteriya su daidaita kalmomi, cikin Hausa da Dandanci da Zabarmanci, a shigar da su littattafan firamare da shirye-shiryen rediyo. Ɗan Gaya da ya tafi jami'a don wannan fanni, a yi masa addu'a da guzuri, a kuma ɗora masa sharaɗi guda: ya dawo yana iya bayyana wa mahaifiyarsa, da harshen da ta raine shi da shi, dalilin da ya sa allurar bara ba ta hana ciwon bana ba.