Jiki Magayi Ne, Mu Riƙa Sauraronsa

Hausawa sun ce jiki magayi. Amma mu ɗalibai ba ma sauraron namu sai ya kwantar da mu. Tun safe har a tashi muna kan benci, mutum huɗu a wurin mutum uku, mun duƙa kan littafi, wuya a karkace. Kafin nan wasunmu sun tako da ƙafa daga Kakuri, Makera ko Narayi, da jaka mai nauyi a kafaɗa ɗaya. Idan baya ya fara ciwo sai mu ce gajiya ce, mu sha Panadol mu manta.

Makaɗa ba sa yi wa jikinsu haka. Akwai abin kiɗan da Turawa ke kira haf. Babbansa yana da tsirkiya 47 da mataka 7 da ake dannawa da ƙafa. Mai kaɗa shi yana jingina shi a kafaɗar dama, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Shi ya sa ake fara koya wa ɗalibinsa yadda zai zauna ya saki kafaɗa, domin hannun da ya sandare ba ya ba da sauti mai daɗi, sai dai ciwo. A nan gida ma, ku lura da mai busa algaita. Yana tara iska a kumatu, yana shaƙar wata ta hanci, busar ba ta yankewa. Wanda bai san numfashinsa ba, ina zai iya wannan?

Mutanen Indiya kuma suna da yoga, wato miƙa gaɓoɓi a hankali tare da lura da numfashi. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranarta. Mun san wasu iyaye za su ce yoga tana da alaƙa da addinin wasu. Gaskiyarsu ne, asalinta haka yake, kuma ba mu ce a kawo mana ibadar kowa ba. Darasi ɗaya muke so mu ɗauka: mutum ya tsaya ya ji inda jikinsa ya ɗaure, ya sake shi tun bai zama ciwo ba.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamin PHE shi ne a ba mu minti biyar bayan darasi na uku. Mu miƙe tsaye, mu ɗaga hannu sama, mu juya wuya a hankali, mu ja numfashi mai tsawo sau biyar. Ba a buƙatar kuɗi ko fili. Idan an ce lokaci zai ɓata, a tuna cewa wanda bayansa ke ciwo ba ya jin abin da malam ke faɗa. 'Yan JSS 3 masu shirin BECE su ne suka fi buƙatar wannan.

Minti biyar ba za su gyara karyayyen benci ba, don haka muna nan muna roƙon ƙarin kujeru. Wanda ciwonsa ya daɗe kuma, asibiti ya kamata a kai shi. Sauran yana hannunmu: mu rataya jaka a kafaɗa biyu, mu bar littafin da ba ranarsa ba a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa ɗanyu ne, kada benci ya riga mu.

Daga wakilan JSS 2, Ƙungiyar 'Yan Jarida