Tafkin Madarunfa: A Gina Wa Baƙi Bukkokin Kwana, Ba Otel Mai Bene Ba

Duk wanda ya san jihar Maraɗi ya san cewa Allah Ya yi wa Madarunfa baiwar da ba kowane gari ke da irinta ba. Kilomita 20 da 'yan kai kudu da birnin Maraɗi, ga tafki shimfiɗe wanda idan ya cika bayan damina yakan kai wajen hekta 800, ga gandun daji a kusa da shi, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da suka kewaye shi, waɗanda jama'a ke zuwa ziyara daga cikin Nijar da arewacin Najeriya. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sanya waɗannan abubuwa uku a jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, sannan a 2019 tafkin ya shiga jerin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Suna kam an samu. Amma baƙon da sunan nan ya jawo, idan rana ta faɗi, a ina zai sa haƙarƙarinsa?

Abin da aka saba gani shi ne mutum ya zo da hantsi, ya yi ziyara, ya sayi kifi, kafin magariba ya kama hanyar Maraɗi. Kuɗin masaukinsa da na abincin darensa da na kalacinsa duk a birni suke ƙarewa, Madarunfa kuwa sai ƙurar mota. Shi ma baƙon an yi masa ƙwauro, domin kuwa duk wanda bai ga tafki da asuba ba, lokacin da masunta ke tura kwale-kwale, tsuntsaye na tashi garke-garke, to bai ga komai ba tukuna.

A nawa ganin, maganin wannan matsala ba shi da tsada. A gina bukkoki ko ƙananan ɗakuna na haya, kamar 10 zuwa 15, a kan tudun da ruwa ba ya kaiwa. Kowane ɗaki a sa masa gado da katifa da gidan sauro da tabarma da randa da buta da fitilar sola, a yi masa 'yar rumfa a ƙofa da murhu a gefe. Baƙo ya zo da zanen rufarsa, ya sayi karfasa ko tarwaɗa a hannun masunta, ya dafa da kansa ko ya ba matan gari su dafa masa ya biya. Shi ke nan. Babu na'urar sanyaya ɗaki, babu janareta mai hana tsuntsu da mutum barci. Ginin ma ba ya bukatar a sare itace ko ɗaya, tunda tun shekarun 1980 ake koya wa magina a Nijar yin rufin daurin guga da tubalin ƙasa zalla, ba azara ba katako, ɗakin kuma ya fi na kwano sanyi a watan Afrilu.

Na san akwai masu cewa ai wannan ƙanƙantar da wurin ne, kamata ya yi a nemo attajiri ya gina katafaren otel. To ina roƙon su da su waiwayi Kano. Zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ya bar wa Kano madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka kuma ƙawata bakinsu da manyan masaukai na alfarma. Ina suke yau a matsayin wuraren shaƙatawa? Na Bagauda ya koma makarantar horar da lauyoyi, na Tiga kuwa ya shafe shekaru a yashe. Babban gini yana da babban ciki: albashin ma'aikata, man janareta, gyaran famfo da fenti, ko an samu baƙi ko ba a samu ba. Ɗakin ƙasa kuwa yaɓe ɗaya kafin damina ya ishe shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kuma wannan ba sabuwar dabara ba ce. A Amurka, ƙasar da ba ta rasa kuɗin gina bene ba, tsakanin 1933 da 1942 gwamnati ta ɗebi matasa marasa aikin yi ta sa su gina ƙananan ɗakunan katako da dutse a gandayen shaƙatawa na jihohi, har yau kuma iyalai na kama hayar da yawa daga cikinsu. Kusa da mu, a yankin Kazamas na Senegal, tun shekarun 1970 ƙauyuka suka gina masaukai irin ginin gargajiyarsu, su ke gudanar da su, ribar kuma ta tafi ga ɗakin shan magani da makarantar gari. Abin da ya haɗa misalan biyu shi ne sauƙin kuɗi da sauƙin kulawa.

Sai mu tambayi kanmu: wa muke jira? Idan Turawa ne, za mu daɗe. Tun harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2 a dajin raƙuman dawa, harkar baƙin waje ta durƙushe, abubuwan da suka biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma suka ƙara nisanta su. Baƙon Madarunfa na gaskiya namu ne: mai ziyara daga Katsina ko Damagaram, malamin lakwal da ya kawo ɗalibansa su ga abin da suke karantawa a littafi, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo masu binciken kifi da itatuwa, ma'aikacin da ke son fitar da iyalinsa kwana biyu bayan Sallah. Waɗannan ba za su iya biyan jika 30 a dare ba, amma za su iya biyan jika 3. Alal misali, a ce ɗaki 10 ne, kowanne ya samu baƙo dare 100 kacal a shekara a kan jika 3, an tashi da sefa miliyan 3, ban da cinikin mai kifi da mai kwale-kwale da mai fura da ɗan kabu-kabu. Idan kuma Allah Ya nufa aka kammala layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, wanda zai bi ta Katsina da Jibiya, to gara a same mu a shirye.

Sai dai tun ran gini ran zane. Akwai sharuɗɗa huɗu da idan ba a cika su ba, gara ma a bar tafkin yadda yake.

Na farko shi ne mutunci. Dattawa da malamai na da hujja idan suka ji tsoron kada wurin ya zama matattarar mashaya da masu holewa a gefen makwancin bayin Allah. Mutanen Maraɗi ba su manta da tarzomar Nuwamban 2000 ba, lokacin da fushin da aka yi da bikin nunin tufafi na FIMA ya ƙare a kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Saboda haka a zauna da masu sarauta da limamai da masu kula da kaburburan tun kafin a sa tubali ɗaya, a rubuta doka ƙarara: ba giya, ba kiɗan dare, ɓangaren iyali daban da na samari, kowane baƙo a rubuta sunansa da lambar katinsa.

Na biyu shi ne tsabta. A watan Yulin 2018 daga gundumar Madarunfa annobar kwalara ta ɓarke, ta kama dubban mutane, ta yi kisa. Tara baƙi a bakin ruwa ba tare da salga mai kyau ba ganganci ne. A haƙa makewayi nesa da tafkin, a samar da ruwan famfo ko rijiyar burtsatse, a hana zubar da leda, a kuma gargaɗi baƙi kan wanka a ruwan kwance saboda tsargiya. Rigakafi ya fi magani.

Na uku shi ne tsaro. Ba wanda zai ɓoye cewa ƙauyukan kan iyaka, wajen Gabi da Ɗan Isa, sun sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Wannan ya sa ya wajaba ɗakunan su kasance a jikin gari, kusa da idon jama'a da na jandarmomi, maimakon can tsakiyar daji don neman shiru.

Na huɗu, wanda ya fi duka wuya, shi ne amana. Kada a ƙwace gonar kowa ko mashigar masunta ko mashayar dabbobi da sunan ci-gaba. Ma'aikatar magajin gari ta ba da fili, jami'an gandun daji su shata iyaka, amma gudanarwa ta kasance a hannun kwamitin da ya ƙunshi masunta da mata da matasa. A liƙa farashi a ƙofa, a ba da rasit, a karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara, a kuma ware wani kaso domin dashen itatuwa da tare yashin da ke cike tafkin. Kuma manya su ji tsoron Allah: ɗakin haya ne, ba masaukin kyauta na 'yan uwa da abokan siyasa ba.

Daga ƙarshe ina kira ga hukumomin jihar Maraɗi da alhazan birni da 'yan asalin Madarunfa mazauna Yamai da Kano, da su fara da ɗaki 5 kacal a rani mai zuwa. Idan sun cika a ƙara, idan ba su cika ba asarar ba ta kai ta kuka ba. Mutumin da ke samun abin cefane daga baƙon tafki shi ne zai fara hana a sare kukar bakinsa ko a zuba masa shara, ba sai an turo masa jami'i ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon ganin arzikin da ke ƙofar gidansu, amin.