Saɓar fara ba shara ba ce

Ranar da na gayyato wani matashi mai ɗaukar hoton saɓar ƙwari cikin shirina, waya ba ta huta ba. Wani dattijo ya kira ya ce: "Ɗana, aikin yi ne ya ƙare a Damagaram?" Na yi dariya don ladabi, amma raina ya ɓaci.

Yaron nan ɗan gilashi yake maƙalawa a kyamarar salularsa, ya durƙusa gindin hatsi, ya ɗauki fatar da fara ta tuɓe ta bari. A hoton har ƙayoyin ƙafarta kana gani, da tsagar bayan da ta fita.

Farin dango sau 5 suke saɓa kafin su iya tashi. Kafin nan a ƙasa suke tafiya, ana iya tare su da feshi. Bayan nan sai iska ta kwashe su, fiye da kilomita 100 a yini. Wanda ya iya duban saɓa ya san ko da sauran lokaci.

Mu da muka ga farin 2004, muka sha yunwar 2005, mu ne masu yi wa mai duba gindin hatsi dariya? Baba, dami nawa ka ɗaure a waccan shekarar?