Ƙungiyoyin matasa na unguwa: a haɗa ƙwallo da aikin hannu

Da wuya a samu unguwa a Kano, Kaduna, Zariya ko Sakkwato da ba ta da ƙungiyar matasa. Akwai kulob ɗin ƙwallo, akwai 'yan aikin gayya masu yashe kwalbatoci kafin damina, akwai 'yan agaji da 'yan sintiri. Waɗannan ƙungiyoyi suna da shugabanni, suna da ma'aji, wasu ma har da rajista. Suna iya tara yara hamsin a filin makaranta da kira guda. Abin da yawancinsu suka rasa shi ne wani aiki da yaro zai ɗauka da hannunsa, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya kuma tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya samu da abin da ya yi asara.

Wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Yaron da ya tashi daga makaranta da azahar, ko wanda ke zaman dogon hutu, yana da awanni da yawa a hannunsa. Idan unguwa ba ta cika masa su ba, akwai masu jiran su cika masa: dillalan ƙwaya, 'yan daba da 'yan siyasar da ba sa tuna kulob sai zaɓe ya ƙarato.

Tarihin ƙungiyar 4-H ta Amurka yana da darasi a nan. A shekarar 1902, wani jami'in ilimi mai suna A. B. Graham ya tara yara maza da mata a gundumar Clark da ke jihar Ohio, ya sa su gwada tsamin ƙasar gonakin iyayensu da takardar gwaji, su zaɓi irin masara, su shuka a ɗan fili, su kuma lura da abin da ya fito. A lokacin, masana aikin gona na jami'o'i suna fama da manoma manya waɗanda ba sa son sauya yadda suka gada. Sai aka gane cewa yaro ya fi saurin gwada sabon abu, kuma idan uba ya ga kunyar ɗansa ta fi tasa albarka, ba ya buƙatar wa'azi. Gani ya kori ji.

A 1910, wani yaro ɗan kulob ɗin masara a jihar Carolina ta Kudu, Jerry Moore, ya noma abin da ya kai kimanin buhu 58 na masara mai kilo 100 a eka ɗaya, wato ya ninka abin da manoman jihar suka saba samu fiye da sau goma. A wannan shekarar kuma, a jihar dai, wata malama mai suna Marie Cromer ta kafa kulob ɗin tumatir na 'yan mata, inda kowace yarinya ke noma kashi ɗaya cikin goma na eka, ta adana tumatirin a gwangwani, ta sayar. A 1914 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar Smith-Lever, wadda ta kafa tsarin malaman gona na ƙasa, kuma waɗannan kulob-kulob suka shiga ƙarƙashinsa. Yau ƙungiyar tana da miliyoyin yara, ayyukanta sun haɗa da kiwo, girki, ɗinki da haɗa na'urori, kuma ta yi rassa a wasu ƙasashe, ciki har da Ghana.

Abin lura shi ne, ba da kuɗi mai yawa aka fara ba. Abubuwa uku ne suka riƙe tsarin: aiki ɗaya na yaron kansa, littafin da yake rubuta duk abin da ya kashe da abin da ya gani, da ranar baje koli da zai nuna sakamakonsa.

Wani zai ce ai ƙasar Hausa ba baƙuwar koyon sana'a ba ce. Gaskiya ne. Panteka a Kaduna, kasuwar waya ta Farm Centre da marinar Ƙofar Mata a Kano duk makarantu ne, kuma sun yaye mutanen da ba za su ƙirgu ba. Amma yaron shago yakan shafe shekaru yana aike da shara kafin a bar shi ya taɓa kayan aiki, kuma sau da yawa sai ya zaɓa tsakanin shago da aji. Kulob na iya ba shi abin da shagon ba ya bayarwa: damar ya gwada, ya ɓata, ya gyara, ba tare da ya bar makaranta ba, kuma ba tare da an cire masa kuɗin ɓarna ba.

Makarantu ma sun taɓa gwada hakan. Da yawa daga cikin iyayen yau sun tuna gonar makaranta da kulob ɗin matasan manoma. Sun kuma tuna yadda tsarin ilimi na 6-3-3-4 ya zo a farkon shekarun 1980 da alƙawarin koyar da fasaha, aka shigo da injuna, amma a makarantu da dama suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malami. Darasin a fili yake: kayan aiki ba sa koyar da kowa. Mutum ne ke koyarwa.

Don haka ƙungiyar da ke son farawa ba sai ta jira injin gwamnati ba. Kajin gidan gona goma, waɗanda ke isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas, sun isa su koya wa yaro lissafin abinci, lokacin rigakafi da yadda zafi ke kashe kaza. Buhunan siminti biyar da aka cika da ƙasa da taki sun isa noman tumatir ko alayyahu a tsakar gida, abin da yarinyar da ba ta fita nesa za ta iya yi. Ɗan faifan sola, batir da ƙwan fitila sun isa darasin wutar lantarki. Rago guda da yara uku za su yi tarayya a kansa har Babbar Sallah ya isa ya nuna musu bambancin kuɗin sayarwa da riba.

Littafin lissafi shi ne zuciyar aikin. Yaron da kaji biyu suka mutu masa, ya rubuta ranar da abin da ya gani, ya koyi abin da zai amfane shi fiye da wanda aka miƙa wa keken ɗinki a bikin rabon tallafi, aka ɗauki hoto, washegari ya kai shi kasuwa.

Akwai kuma abubuwan da dole a kiyaye. Kada aikin kulob ya zama hanyar samun 'yan ƙwadago kyauta ga wani mai gona ko mai shago. Abin da yaro ya samar nasa ne. Duk aikin da ya shafi wuta, walda ko maganin ƙwari sai da babba a tsaye. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya: a ware musu lokaci da wuri da iyaye za su aminta da su, ƙarƙashin kulawar mata, kuma kada a taƙaita su ga girki da ɗinki kaɗai. Sannan a nesanta kulob daga hular kowace jam'iyya, domin duk kulob ɗin da ɗan takara ya rena, tare suke faɗuwa.

Nauyin ya rataya a wuyan mutane da dama. Masu unguwanni da limamai su nemi kafintoci, teloli, masu gyaran waya da ma'aikatan da suka yi ritaya, kowa ya ba da awa biyu a mako. Shugabannin makarantu su buɗe harabarsu da yamma. Sassan noma na ƙananan hukumomi su haɗa kowane kulob da malamin gona, cibiyoyi irin su NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kuma su samar da littafin aiki mai sauƙi da Hausa. Masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda dama suna da ranar aikin raya al'umma, za su iya koyar da rubuta lissafin. Attajirin da ya saba sayen riguna da kofin gasar ƙwallo ya ƙara da kyautar kazar da ta fi ƙiba da fitilar da ta fi daɗewa tana ci.

Ba a ce a rufe filin ƙwallo ba, domin shi ne ya tara yaran tun farko. Abin da ake nema shi ne, kafin dogon hutu mai zuwa ya ƙare, kowace unguwa ta sa ranar da iyaye za su fito su ga abin da 'ya'yansu suka yi da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.